Iyalin Everett a Bakin Kogin Maici: Yadda Zaman 'Yan Mishan Ya Kasance Cikin Mutanen Pirahã

A watan Disamba na 1977 wani ƙaramin jirgin sama ya tashi daga Porto Velho a yammacin Brazil, ya yi kusan awa biyu bisa kurmin Amazon, ya sauka a wani fili da aka share da adda a bakin Kogin Maici. Cikinsa akwai wani Ba'amurke ɗan shekara 26 mai suna Daniel Everett, wanda ƙungiyar 'yan mishan ta SIL ta turo. Aikin da aka ɗora masa a baki gajere ne: ya zauna cikin mutanen Pirahã, ya koyi harshensu, ya fassara musu Littafi Mai Tsarki. Tsarin SIL shi ne ma'aikacinta ba ya kafa coci, ba ya yi wa kowa baftisma. Imaninsu shi ne in maganar Allah ta shiga harshen da mutum ya sha a nono, ita da kanta za ta yi sauran aikin.

Everett ɗan wani ƙaramin gari ne mai suna Holtville a kudancin Kalifoniya. Yana ɗan shekara 17 ya rungumi addinin Kirista da gaske, bayan ya haɗu da Keren, 'yar wasu 'yan mishan da suka yi aiki cikin ƙabilar Sateré-Mawé a Brazil. Ke nan ita kurmi ba baƙonta ba ne, shi ne baƙon. Sun yi aure suna da ƙuruciya, ya gama makarantar Moody Bible Institute ta Chicago a 1975, aka kai su dajin Chiapas a Meziko aka horar da su zaman wahala. Da suka iso Brazil suna da 'ya'ya uku, mata biyu da namiji ɗaya, babbar ba ta kai shekara goma ba, autan kuma ɗan ƙarami ne ƙwarai.

Ba su ne farkon zuwa ba. Arlo Heinrichs ya zauna da Pirahã tun daga 1959, Steve Sheldon ya gaje shi a 1967. Kusan shekara ashirin ke nan ana fama, ba a samu mutum ɗaya da ya karɓi addinin ba. Shi ma Everett zuwansa na farko bai yi nisa ba, don kwanaki kaɗan da saukarsa gwamnatin soja ta Brazil ta umarci 'yan SIL su fice daga yankunan 'yan asalin ƙasa. Hanyar da ya samu ta komawa ita ce ya shiga jami'ar UNICAMP da ke Campinas a matsayin ɗalibin kimiyyar harshe. Da takardar ɗalibi ya koma Maici, wannan karon da matarsa da yaransa. Tun daga nan mutumin ya zama yana sanye da hula biyu, ta ɗan mishan da ta manazarci, kuma ba a daɗe ba suka fara matse masa kai.

Wurin da mutanen

Maici yana zuba ne a Kogin Marmelos, Marmelos ya zuba a Madeira, Madeira kuma a babban Kogin Amazon. Pirahã 'yan ɗaruruwa ne kawai, warwatse a ƙananan ƙauyuka a gaɓar kogin. Harshensu shi kaɗai ya rage da rai cikin dangin harsunan Mura. Da damina ruwa kan hau sosai ya shiga daji, sai su koma kan tudu. Da rani rairayi ya fito, su sauko su kafa 'yan rumfuna a kansa, wani lokaci ma su kwana a fili. Kifi suke harbi da kwari da baka daga cikin kwale-kwale, mata da yara su shiga daji tsintar 'ya'yan itace, akwai kuma 'yan gonakin rogo. Ba sa ajiyar abinci na dogon lokaci. In an samu a cinye, ko tsakar dare ne. In ba a samu ba a haƙura, har suna alfahari da juriyar yunwa.

Ba su da sarki ko mai unguwa da baƙo zai je ya gaida ya nemi izini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan mishan, don a wurare da yawa ta ƙofar shugaba ake shiga. A nan babu ƙofar. Kowane magidanci mai ikon kansa ne, kuma in ka shawo kan ɗaya, ɗayan kawai ka samu.

Yini guda

Gidan da iyalin suka gada daga Sheldon na katako ne da jinka, bangonsa rabi, don iska ta riƙa ratsawa. Ɗaki ɗaya ne kawai mai ƙofa da makulli, wato ɗakin ajiya, inda ake tara kayan watanni: shinkafa, wake, madarar gari, abincin gwangwani, kananzir, magunguna da kayan musaya. Babu lantarki, babu famfo, babu kanti. Duk ruwan sha da na girki daga kogi ake ɗebo shi a hau da shi gangare. Wanka da wanki a kogin ne, kogin da ke da kada, da mesar ruwa, da kifin firanha, da wani kifi mai bugun mutum da lantarki. Da rana ƙananan ƙudaje masu cizo su dame ka, da dare sauro ya karɓi aiki, sai gidan sauro. Kyankyaso da manyan gizo-gizo da macizai kuwa abokan zama ne a cikin jinka. Filin jirgin ma kullum ciyawa na neman cinye shi, dole a nemo maza a biya su da kaya su sare.

A cikin wannan hidima ne ake yanko lokacin aikin da ya kawo su. Da safe Everett kan zauna da wani magidanci da littafin rubutu da rakoda. Babu harshen da ya haɗa su, don abin da mazan Pirahã suka sani na harshen Fotugis bai wuce 'yan kalmomin ciniki ba. Sai nuni: ya ɗauki sanda a faɗa masa sunanta, ya yar da ita ƙasa a faɗa masa abin da ya faru, ya rubuta a ƙananan katuna yana bita yana yawo cikin ƙauye, mutane suna ta dariyar lafazinsa. Harshen yana da wasula uku da baƙaƙe kimanin takwas, na mata ma sun gaza na maza da ɗaya, amma yana da karin sauti kamar Hausa, kuma karin da tsawon gaɓa suna ɗauke da nauyi har ana iya yin magana da fito ko da guɗa a maƙogwaro baki rufe. Mafarauta da fito suke zance a daji.

A gefe guda Keren ce malamar makarantar yaranta, ita ce mai girki, ita da mijin ne kuma asibitin ƙauyen. Masu zazzaɓi, masu gudawa, masu gyambo, duk gidansu suke nufa. Ya kamata a lura cewa kusan duk abin da duniya ta sani game da wannan zama daga bakin mijin ya fito, musamman littafin da ya wallafa a 2008. A ganina, duk wanda ya taɓa ganin yadda ake rainon yara uku a gidan da ba famfo zai san cewa awannin da mai gida ya samu na zama da alƙalami wani ne ya biya su da gumi.

Abin da ya fi wahalar sabawa shi ne rashin sirri. Gida ba cikakken bango, mutane kuma ba su ga dalilin kawar da kai ba. Ana cin abinci ana kallonsu, ana karatu ana kallonsu, miji da mata na gardama ana kallonsu. Dare ma ba hutu, domin Pirahã ba sa yin dogon barci a jere. Su ɗan runtsa su farka, ana hira da dariya a bakin wuta har asuba, wani ya tashi ya tafi kamun kifi cikin duhu. Sun zo ne su nuna wa mutane hanya ta cikin littafi, amma littafin bai samu ba tukuna, kuma zai ɗauki shekaru. Abin da mutanen ƙauyen ke karantawa kullum shi ne iyalin kansu.

Kuma sun karanta sun yanke hukunci. Everett ya taso cikin masu ganin bulala wani ɓangare ne na tarbiyya. Ya ba da labarin yadda in ya tashi hukunta babbar 'yarsa mutane kan taru su biyo su suna kallo, har abin ya gagara, aka kuma gaya masa cewa su ba sa dukan 'ya'yansu. Ƙarshenta ya daina. Su kuma nasu rainon ya ba shi tsoro: ya ga yaro ƙarami na wasa da wuƙa mai kaifi, da ta faɗi uwar ta ɗauka ta miƙa masa ba tare da ta katse hirarta ba. Yaran Everett dai sun shige cikin sa'o'insu, suna tuƙa kwale-kwale suna yini a ruwa.

Zazzaɓi

Ba su daɗe da tarewa ba Keren da babbar 'yar suka kwanta da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai. Everett ya taɓa yin taifot a Meziko, sai ya ɗauka shi ne, ya yi kwanaki yana ba su maganin taifot. Zazzaɓin cizon sauro ne. Duk wanda ya taɓa zama a layin asibiti a ƙasar Hausa ya san yadda waɗannan cututtuka biyu ke rikita mutane, to balle mutumin da ba likita ba, da littafin magani kawai a hannu, ba wurin gwajin jini. Jikinsu ya ci gaba da tsananta har Keren ta fara sambatu. Ba su da oba-oba da za su kira jirgi.

Sai ya ari ƙaramin jirgin ruwa mai inji daga wani ma'aikacin cocin Katolika da ke yankin, ya shimfiɗa marasa lafiya biyu, ya ɗora ƙananan yara biyu, ya kama hanyar da bai sani ba. Yana shirin tashi mutanen ƙauyen suka biyo shi bakin ruwa suna yi masa sautu: ashana, bargo, da sauran kayan birni. Ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, matarsa na bakin mutuwa ana yi masa zancen ashana. Ya gangara Maici ya shiga Marmelos, mai na neman ƙarewa, har ya kai wani ƙauyen 'yan Brazil mazauna bakin kogi. Su ne suka saɓa marasa lafiyan a cikin shimfiɗar yadi da aka rataya a sanda, suka ratsa daji da su a ƙafa zuwa Auxiliadora a bakin Madeira. Can aka jira jirgin fasinja zuwa garin Humaitá, inda gwaji ya nuna ainihin cutar, daga bisani aka kai su Porto Velho. Keren ta kai ga suma, ta rame ƙwarai, sai da ta yi watanni tana jinya. Da ta warke ta tattara yaranta suka koma ƙauyen.

Daga baya Everett ya sake auna maganar sautun nan. Mutanen da ya ga kamar ba su da tausayi, wannan zazzaɓin ne yake kashe musu 'ya'ya da mata kowace shekara, kuma babu wanda ke da jirgin da zai kai nasa Humaitá. Uwa ta mutu yau, gobe dole a fita neman kifi. Shi yana da mafita, su ba su da ita, sun kuma san da haka. Wannan bambanci yana nan a ƙarƙashin duk wata hulɗa tsakanin ɗan mishan da masu masaukinsa, komai daɗin zama.

Akwai wani lamari da ya fi wannan nauyi. Wata mata ta rasu ta bar jaririya da ta riga ta galabaita. Iyalin suka karɓe ta, suna ɗura mata madara ta siririn tiyo dare da rana, suna ganin kamar tana farfaɗowa. Wata rana suka bar ta a hannun mahaifinta suka ɗan fita zuwa filin jirgi. Kafin su dawo an ɗura mata barasa ta mutu. Bayanin da Everett ya zo ya gamsu da shi shi ne mutanen sun saba ganin mutuwa, sun tabbata yarinyar ba za ta yi rai ba, suna kuma ganin wahalar da ita kawai ake yi. Na fahimci bayanin, amma ban iya bin sa har inda ya kai ba. Gane dalilin mutum daban, wanke shi daban, kuma a nan ina ganin manazarcin ya rinjayi uban.

Fatake da giyar rake

Ba 'yan mishan kaɗai ne baƙin da ke shiga Maici ba. Da damina, lokacin da 'ya'yan itacen nan da ake kira gyaɗar Brazil ke zuba, fatake kan shigo da jirage su karɓi gyaɗar da danko da man itace, su ba da adda, yadi, albarushi, garin rogo, taba, da kuma kashasa, wato barasar da ake yi da rake. Barasar ta fi komai araha ga ɗan kasuwa. Everett ya riƙa roƙon fatake kada su bayar da ita, wanda hakan ya sa shi tsakiyar cinikin da ba nasa ba.

Wata rana da dare Keren ta tashe shi, ta ce ya saurari abin da maza ke faɗa. Wani falke ya ba su barasa, ya kuma zuga su cewa Ba'amurken nan ne ke hana su samun haƙƙinsu. Suna shawarar kashe shi da iyalinsa. Ya fita cikin duhu ya je inda suke, ya tattara kwari da baka da bindigogin farauta tun suna cikin maye, ya kulle matarsa da yara a ɗakin ajiya, ya kori falken, ya kwana a farke yana gadi. Da gari ya waye mazan suka zo suna ba da haƙuri. Amma a cikin ba da haƙurin an gaya masa wata magana da ya riƙe: nan ƙasarsu ce, ba shi zai faɗa musu abin da za su yi ba. Ya shigo yana ganin kansa mai kare su, su kuwa baƙo suka ɗauke shi, wanda ake ƙyalewa muddin ya san iyakarsa.

Cinikin nan ne ma ya haifar da makarantar dare. Pirahã ba su da kalmomin ƙidaya irin ɗaya, biyu, uku. Abin da suke da shi bai wuce kaɗan da da yawa ba. Suna zargin fatake na cutarsu, sai suka nemi a koya musu lissafi. A 1980 miji da mata suka yi wata takwas suna koyar da su ƙidaya da harshen Fotugis kowace yamma. A cewar Everett, babu babban da ya iya ƙirgawa zuwa goma. Mutanen da kansu suka ce a bari. Ana zuwa dai ajin, don akwai hira da abin taɓawa.

Saƙon da aka zo da shi

Bayan shekaru Everett ya iya harshen har ya fassara Linjilar Markus. Da yake ba masu karatu, sai aka ɗauka a kaset aka ba su rakoda mai aiki da juyin hannu. Abin da ya fi jan hankalinsu, in ji shi, shi ne wurin da aka fille kan Yohanna Mai Baftisma. Shi suke so a maimaita. Da ya ba su labarin Yesu, tambayar da suka yi ita ce ko ya taɓa ganinsa. Ya ce a'a. Mahaifinsa fa? Shi ma a'a. To wa ya gan shi cikin waɗanda ya sani? Da aka rasa, zancen ya mutu. A wurinsu labari yana da daraja ne in mai faɗa ya gani da idonsa ko ya ji daga wanda ya gani kuma yana raye, har nahawun harshen yana da ɗafe-ɗafen da ke nuna ko abu ganinsa aka yi, ko jinsa aka yi, ko hasashe ne. Wannan bai sa su zama marasa imani da gaibu ba yadda wasu ke ɗauka, don suna maganar iskoki kullum, sai dai cewa suke ganinsu suke yi.

Wata rana ya yi abin da aka koya masa a makarantar mishan, ya ba da shaidar rayuwarsa, ya faɗi yadda matar mahaifinsa ta kashe kanta da yadda baƙin cikin ya kai shi ga addini. A cocin Amurka wannan labari hawaye yake jawowa. A nan dariya aka fashe da ita, aka ce wauta ce, su Pirahã ba sa kashe kansu. Daga baya ɗaya daga cikin masu koya masa harshe ya zo a madadin sauran ya gaya masa a fili: suna son sa, suna son maganin da yake ba su, yana iya zama, amma ba sa son ƙarin zancen Yesu.

Wa'azin mishan yana tsayuwa ne a kan mutum ya fara yarda cewa ya ɓata kafin a nuna masa hanya. Everett ya ce ya duba bai ga alamar mutanen nan suna jin sun ɓata ba. Suna dariya, ba sa fargabar gobe, ba sa tsoron mutuwa yadda ya zata. Ni dai ina ganin hoton nan ya ɗan yi masa kwalliya, don mutanen da ke binne jarirai da yawa, kuma mata ke gudu daji in maza sun sha barasa, ba za a ce ba su da damuwa ba. Amma shi abin da ya gani ya girgiza shi. Shakka ta fara shigarsa tun farkon shekarun 1980, lokacin da yake kammala digirin digirgir a UNICAMP a 1983, kafin ƙarshen shekarun kuma ya daina imani gaba ɗaya. Ya ɓoye shekara da shekaru, yana ci gaba da zama a gida ɗaya da matar da ta ba da ranta ga aikin. Da ya bayyana, auren ya mutu, dangantakarsa da 'ya'yansa ta yi tsami na wani lokaci kafin a shirya.

Mutum biyu ne suka sha ruwan kogi ɗaya, sauro ɗaya ya cije su, suka ji amsa ɗaya daga bakin mutanen, kowa kuma ya fita da nasa. Shi ya ɗauka cewa an fahimci saƙon sarai an ƙi shi. Ita ta tsaya a kan cewa ba a kai ga isar da shi yadda ya kamata ba, domin a ganinta asirin harshen yana cikin karinsa da waƙarsa, kuma baƙi ba su gama kama wannan ba. Don haka ba a iya cewa zaman ƙauyen ne kaɗai ya raba Everett da addininsa. Wadda ta fi shi shan wuyar zaman ba ta motsa ba.

Abin da ya biyo baya

Everett ya zama sanannen farfesa. Maƙalar da ya fitar a 2005 a mujallar Current Anthropology, inda ya ce harshen Pirahã ba ya cusa jimla cikin jimla, ta ci karo da ra'ayin shahararren masanin harshe Noam Chomsky cewa wannan siffa ce ta asali a harshen ɗan Adam, kuma har yau masana ba su daina gardama a kai ba. A shekarun 1980 ya taimaka wa FUNAI, hukumar kula da 'yan asalin ƙasa ta Brazil, wajen gano iyakokin ƙasar Pirahã, aka shata ta a hukumance a shekarun 1990. Wataƙila wannan da magungunan da aka raba su ne abin da mutanen suka fi amfana da shi daga zaman. Daga baya hukumar ta daina ba shi izinin shiga yankin, gwamnati kuma ta kai makaranta da ɗakin shan magani da janareta wani ƙauyensu.

Keren ta ci gaba da aiki da Pirahã bayan rabuwar. A wani ƙauye ta ƙirƙiro kalmomin ƙidaya cikin harshensu ta riƙa koyar da su. Autan nan da aka sa a jirgin ruwa ranar gudun zazzaɓi, Caleb Everett, ya girma ya zama farfesan nazarin harshe da al'ada, kuma a 2012 shi da mahaifiyarsa suka wallafa bincike tare a mujallar Cognitive Science kan yadda Pirahã ke gane yawan abubuwa ba tare da lambobi ba.